Wa ya fara rubutawa, wa ya ɗauka daga wa? Tambayoyi da amsoshi kan tushen littattafan Bishara

Littattafan Bishara huɗu ne ke buɗe Sabon Alkawari: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Fiye da shekara 200 ke nan masana na gardama a kan wanda aka fara rubutawa da kuma inda kowanne ya samo abin da ya rubuta. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Mece ce ainihin matsalar?

Matiyu, Markus da Luka sun yi kama da juna ƙwarai, ba a labari kawai ba, har a jerin labaran da kalmomin da aka yi amfani da su. Shi ya sa ake kiransu Sinoftik, wato waɗanda za a iya jerawa gefe da gefe a duba tare. Markus yana da aya 661 idan an tsaya a 16:8. Wajen 600 daga cikinsu suna cikin Matiyu, fiye da rabinsu kuma suna cikin Luka. Ban da wannan, akwai wasu ayoyi kimanin 230 da Matiyu da Luka suka yi tarayya a kansu amma babu su a Markus, yawancinsu maganganun Yesu ne. Sannan kowanne yana da nasa na kansa.

Duk bayanin da za a kawo dole ya warware abu biyu a lokaci guda: me ya sa suka yi kama haka, me ya sa kuma suka saɓa a inda suka saɓa. Tun da Johann Jakob Griesbach ya buga littattafan uku cikin layuka masu fuskantar juna a 1776, tambayar ta daina ɓoyuwa.

Ba zai yiwu ba ne shaidu uku su ga abu ɗaya su faɗe shi iri ɗaya, ko kuma hadda ce?

Hadda tana da ƙarfi, kuma babu mai musun cewa an yi shekaru ana yaɗa maganganun Yesu da baki kafin a rubuta su. J. K. L. Gieseler ya kare wannan bayani a 1818. Amma akwai abubuwan da hadda ba ta isa ta bayyana su ba.

Na ɗaya, harshe. Yesu ya yi yawancin koyarwarsa da Aramiya, littattafan kuwa da Helenanci aka rubuta su. Mafassara biyu da ba su ga aikin juna ba ba sa fitar da jimla iri ɗaya kalma bayan kalma. Amma wa'azin Yohanna Mai Baftisma a Matiyu 3:7-10 da Luka 3:7-9 ya haura kalma 60 a Helenanci, bambancin bai wuce wuri uku ko huɗu ba. Maganar bauta wa iyayengiji biyu a Matiyu 6:24 da Luka 16:13, kalma ɗaya tak ce ta raba su.

Na biyu, sun yi daidai har a maganar marubuci, ba ta Yesu kaɗai ba. A Markus 13:14 da Matiyu 24:15, a tsakiyar jawabi, an tsaya an ce mai karatu ya fahimta. A labarin shanyayye, duka ukun sun katse maganar Yesu a wuri guda don su ce "sai ya ce wa shanyayyen". Markus 6 da Matiyu 14 kuma duk sun koma baya sun ba da labarin kisan Yohanna Mai Baftisma a daidai gurbi ɗaya. Malamin da ya ga takardun ɗalibai biyu sun yi tuntuɓe a layi ɗaya ya san wani ya leƙa ta wani.

Luka da kansa bai ɓoye ba. A 1:1-4 ya gaya wa Tiyofalas cewa mutane da yawa sun riga shi tsara labarin, shi kuma ya bi diddigin kome daga farko.

Ai Matiyu ne a gaba a Sabon Alkawari. Magabatan ikilisiya ba su ce shi ne na farko ba?

Sun ce. Papiyas, bishop na Hirafolis a farkon ƙarni na 2, wanda maganarsa ta iso mana ta littafin tarihin Yusebiyus na ƙarni na 4, ya ce Markus tafintan Bitrus ne, ya rubuta abin da ya tuna daidai amma ba bi da bi ba, Matiyu kuma ya tsara maganganun da harshen Ibraniyawa. Ireniyus, wajen shekara ta 180, ya sa Matiyu a gaba. Agustin, wajen 400, ya ɗauki Markus a matsayin mai bin sawun Matiyu yana taƙaita shi. Kilemen na Iskandariya ya ce waɗanda ke da jerin asali, wato Matiyu da Luka, su aka fara rubutawa. Kun ga ke nan magabatan ma ba su zama baki ɗaya a kan na biyu da na uku ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, Matiyun da ke hannunmu bai yi kama da fassara ba. Helenancinsa ya yi daidai da na Markus a ɗaruruwan jimloli. Ko dai Papiyas wani rubutu dabam yake nufi, ko kuwa labarin ya iso masa a gauraye. Jerin littattafan ma ba hujja ba ne: wasu tsofaffin kundaye, kamar na Bezae, sun jera su Matiyu, Yohanna, Luka, Markus, manzanni biyu a gaba.

To wace hujja ce ta sa yawancin masana suka ce Markus ne na farko?

G. C. Storr ya faɗi haka a 1786, C. H. Weisse da C. G. Wilke suka ƙarfafa shi a 1838, H. J. Holtzmann ya kafa shi a 1863. Hujjojin ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Tsawo. Markus ne mafi gajarta, kalma wajen 11,000, Matiyu wajen 18,000, Luka ya haura 19,000. Amma labari da labari, na Markus ne ya fi tsawo. 'Yar Yayirus da mace mai zubar jini aya 23 ne a Markus 5, aya 9 a Matiyu 9. Mai aljanu na ƙasar Garasinawa aya 20 ne a Markus, 7 a Matiyu. Wane irin mai taƙaitawa ne zai watsar da haihuwar Yesu, da Huɗuba a kan Dutse, da Addu'ar Ubangiji, sannan ya tsawaita sauran, ya ƙara da labarin saurayin da ya gudu tsirara (14:51-52) da makahon da bai warke ba sai a taɓawa ta biyu (8:22-26)? Ya fi sauƙi a ce Matiyu ne ya matse labaran Markus don ya sami wurin zuba koyarwa.

Salo. Helenancin Markus na magana ne, ba na littafi ba. Yana cewa "nan da nan" wajen sau 40, yana ba da labarin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa wajen sau 150, yana barin kalmomin Aramiya irin su "Talita kumi" da "Abba". Matiyu da Luka sun goge yawancin wannan. Marubuci yakan gyara harshe, da wuya ya ɓata shi da gangan.

Wurare masu nauyi. Markus 6:5 ya ce a garinsu Yesu bai iya yin wata mu'ujiza ba, Matiyu 13:58 ya ce bai yi da yawa ba. A jirgi, almajiran Markus sun tambaye shi ko bai damu su hallaka ba (4:38), na Matiyu suka ce ya cece su (8:25). Markus 2:26 ya ambaci Abiyata babban firist, alhali 1 Sama'ila 21 Ahimelek ya ce, Matiyu da Luka duk suka cire sunan. A Markus 10:35 Yakubu da Yohanna ne suka roƙi kujerun girma, a Matiyu 20:20 uwarsu ce.

Gajiyar mai gyara. A ganinmu wannan ce ta fi kowace ƙarfi, Mark Goodacre ne ya fito da ita sosai a 1998. Marubuci ya fara sauya labari, can gaba ya manta ya koma wa asalin da yake kwafa. Matiyu 14:1 ya ba Hirudus Antibas laƙabinsa na gaskiya, mai mulkin yanki, amma a aya ta 9 ya kira shi sarki, yadda Markus ke kiransa tun farko. A 14:5 ya ce Hirudus na son kashe Yohanna, a 14:9 kuma ga shi yana baƙin ciki da aka nemi kan Yohannan. Baƙin cikin a Markus yake da ma'ana, inda Hirudus ke jin daɗin sauraronsa. Luka 9:10 ya kai ciyar da mutum 5,000 garin Betsaida, aya biyu gaba almajirai na cewa wurin ba kowa, kamar a Markus. Ba a sami misali mai gamsarwa na Markus yana irin wannan gajiya a kan Matiyu ko Luka ba.

Akwai hujjar jeri ta Karl Lachmann ta 1835, cewa Matiyu da Luka kusan ba sa haɗuwa su saɓa wa jerin Markus. A yi hattara da ita. B. C. Butler ya nuna a 1951 cewa abin da take tabbatarwa kawai shi ne Markus yana tsakiya, ba lallai shi ne na farko ba.

Mene ne Q?

Sunan da aka ba rubutun da ake zaton Matiyu da Luka sun samo ayoyin nan 230 daga ciki. Harafin farko ne na kalmar Jamusanci mai nufin tushe. Babu wanda ya taɓa ganinsa, babu ko ƙyallen takarda, babu marubucin dā da ya ambace shi. Lissafi ne ya haife shi: idan Matiyu da Luka ba su ga aikin juna ba, amma suka yi daidai kalma da kalma, to akwai rubutu na uku a gabansu. Markus da Q su ne ake kira ra'ayin tushe biyu.

Me ya sa aka ce ba su ga juna ba? Labaran haihuwa sun bambanta: masana taurari da gudu zuwa Masar a Matiyu, makiyaya da komin dabbobi a Luka. Jerin asali ya bi ta Sulemanu a Matiyu, ta Natan a Luka, har kakan Yesu ta wajen Yusufu ya bambanta, Yakubu a can, Heli a nan. Huɗuba a kan Dutse aya 111 ce a Matiyu 5 zuwa 7, ta Luka 6:20-49 aya 30 ce, sauran a warwatse cikin surori na gaba. B. H. Streeter ya lura a 1924 cewa bayan labarin gwaji a jeji, su biyun kusan ba su taɓa ajiye maganar da suka yi tarayya a gurbi ɗaya cikin jerin Markus ba. Ƙarin da Matiyu ya yi wa Markus, kamar albarkar Bitrus a 16:17-19 da mafarkin matar Bilatus, babu su a Luka. Wani lokaci kuma siffar Luka ce ta fi kama da ta asali: "matalauta" a 6:20 inda Matiyu ke da "matalauta a ruhu", Addu'ar Ubangiji gajera a 11:2-4, "yatsan Allah" a 11:20 inda Matiyu 12:28 ke da "Ruhun Allah". Sai maganganun da suka zo sau biyu a littafi ɗaya, kamar ɗaukar gicciye a Luka 9:23 da 14:27, ɗaya kamar daga Markus, ɗaya daga wani wuri.

Da aka tono Bisharar Toma a Nag Hammadi ta Masar a 1945, maganganu 114 da harshen Kibɗawa ba tare da labarin gicciye ba, ta nuna cewa ana rubuta irin wannan tarin maganganu. Amma Toma ba Q ba ne.

Ina raunin Q yake?

A wuraren da Matiyu da Luka suka haɗu suka saɓa wa Markus cikin labarin da daga Markus ya fito. Idan ba su san juna ba, bai kamata hakan ya yawaita ba, amma jerin da Frans Neirynck ya tara a 1974 ya haura 700. Yawancinsu ƙanana ne, gyaran nahawu da kowa zai iya yi shi kaɗai. Wasu kuma masu kwafa ne suka daidaita littattafan daga baya. Amma akwai masu taurin kai. A Markus 14:65 an rufe wa Yesu fuska ana dukansa ana cewa ya yi annabci. Matiyu 26:68 da Luka 22:64 duk sun ƙara tambaya iri ɗaya: wa ya buge ka? Q ba shi da labarin shan wuya, to daga ina suka same ta tare?

Akwai kuma manyan wurare, irin su gwajin jeji, gardamar Ba'alzabul da misalin ƙwayar mustad, inda Matiyu da Luka suka fi Markus yawa tare. Masu Q suna cewa a nan Markus da Q ne suka haɗu a labari ɗaya. Masu suka suna cewa wannan rufa wa matsala suna ne kawai.

Mu dai muna ganin an wuce gona da iri a wani fanni. John Kloppenborg ya raba Q hawa uku a 1987, a 2000 kuma aka buga cikakken nassin Q da aka sake ginawa, da lambobin sura da aya irin na Luka. Aikin gwaninta ne, amma rarraba tarihin rubutun da ba a tabbatar da samuwarsa ba zato ne a kan zato.

In an cire Q, me ya rage?

Austin Farrer a 1955, Michael Goulder a 1989 da Goodacre a 2002 sun ce Markus ne na farko, Matiyu ya faɗaɗa shi, Luka ya karanta duka biyun. Wannan ya share matsalar haɗuwarsu gaba ɗaya. Suna ƙara da cewa farkon abin da ake kira Q jerin labari ne, daga Yohanna zuwa gwaji zuwa huɗuba zuwa hafsan Kafarnahum, har da rubuta Nazarat da siffar "Nazara" a Matiyu 4:13 da Luka 4:16 kaɗai. Suna kuma nuna gajiya a Luka 19: misalin da Yesu ya bayar ya fara da bayi goma, da aka zo lissafi sai uku suka bayyana, kamar a Matiyu 25.

Nauyin da ke kansu shi ne su bayyana dalilin da Luka zai wargaza Huɗuba a kan Dutse. Amsarsu, Luka ba ya son dogon jawabi, ko na Markus 4 sai da ya rage shi, kuma yana bin tushe ɗaya ne na wani tsawo kafin ya koma ɗayan. Akwai wasu 'yan kaɗan, kamar Robert MacEwen da Alan Garrow, da suka juya lamarin suka ce Matiyu ne ya zo ƙarshe ya tattara abin da ke warwatse a Luka. Littattafan koyarwa har yanzu tushe biyu suka fi koyarwa, amma ba kamar dā ba, yanzu sai sun kare shi.

Akwai masu cewa Markus ne na ƙarshe har yanzu?

Akwai. Ra'ayin Griesbach ne na 1789, William Farmer ya farfaɗo da shi a 1964: Matiyu, sai Luka, sai Markus ya haɗa su. Misalinsu sananne Markus 1:32 ne, "da magariba, da rana ta faɗi", inda Matiyu 8:16 ke da rabin farko, Luka 4:40 ke da rabi na biyu. Sai dai faɗin abu sau biyu ɗabi'ar Markus ce ko'ina, kuma tambayar abin da ya watsar tana nan ba amsa.

M da L fa?

Streeter ne ya sa wa abin da Matiyu kaɗai ke da shi M, na Luka kaɗai L. A M akwai 'yan mata goma da tumaki da awaki, a L akwai Basamariye nagari, ɓataccen ɗa da Zakka. Masana kaɗan ne a yau ke ɗaukarsu littattafai guda-guda. Lakabi ne kawai.

Yohanna ya san sauran ukun?

Tafiyarsa dabam ce: Idin Ƙetarewa uku, tsabtace Haikali a sura ta 2 maimakon ƙarshe, dogayen jawabai, babu fitar da aljanu. Percival Gardner-Smith a 1938 da C. H. Dodd a 1963 sun sa aka daɗe ana ɗauka shi kaɗai ya yi aikinsa daga ruwayar baki. C. K. Barrett da masanan Leuven ta Beljiyam ba su yarda ba, suna nuna ƙananan abubuwa: gurasar dinari 200 a Markus 6:37 da Yohanna 6:7, man nardi na dinari 300 a Markus 14 da Yohanna 12, da ciyar da jama'a da tafiya a kan ruwa a jere. A 'yan shekarun nan ra'ayin cewa ya san Markus yana ƙara samun magoya baya.

A waɗanne shekaru aka rubuta su?

Jeri da shekara tambayoyi biyu ne. Yawanci ana sa Markus tsakanin 65 da 75, Matiyu da Luka 80 zuwa 90, Yohanna 90 zuwa 100. Ma'aunin shi ne rushe Haikalin Urushalima da Romawa suka yi a 70: Luka 21:20 ya ambaci rundunoni kewaye da birnin, Matiyu 22:7 sarkin da ya ƙone gari. John A. T. Robinson ya ce a 1976 duka kafin 70 ne, ganin Ayyukan Manzanni ya ƙare Bulus na raye a Roma. Wasu kuma suna kai Luka ƙarni na 2, bisa zaton ya karanta Yosifus, Bayahude marubucin tarihi, wanda ya gama babban tarihinsa wajen 93.

Q ita ce Linjilar da Alƙur'ani ya ambata? Bisharar Barnaba fa?

Masanan da suka gina Q ba su yi wannan da'awa ba. A wurinsu tarin maganganu ne da mabiya suka rubuta da Helenanci, kuma a cikinsa akwai Luka 10:22, inda ake maganar Uba da Ɗa. Linjila a aƙidar Musulunci wahayi ne da aka saukar wa Annabi Isa, wannan kuwa batun imani ne da kwatanta nassi ba ya yanke shi.

Bisharar Barnaba ba ta shiga wannan lissafi. Kwafinta na Italiyanci yana Viyana, akwai na Sifaniyanci, an fassara ta da Turanci a 1907 da Larabci a 1908. Tana ɗibar labarai daga duka huɗun, tana kuma cewa shekarar jubili duk shekara 100 ce, abin da ya dace da sanarwar Fafaroma ta 1300, ba da Littafin Firistoci mai cewa 50 ba. Masana tarihi suna sa ta a ƙarshen tsakiyar zamanai ko bayansu.

Yaya mutum zai gwada da kansa?

Ku zaɓi gajeren labari da ke cikin ukun, kamar warkar da kuturu: Markus 1:40-45, Matiyu 8:1-4, Luka 5:12-16. Ku raba takarda gida uku, Markus a tsakiya, ku rubuta jimla tana fuskantar 'yar'uwarta. Ku nemi alƙalami kala huɗu: ɗaya na inda ukun suka yi daidai, ɗaya na Markus da Matiyu, ɗaya na Markus da Luka, ɗaya na Matiyu da Luka kaɗai. Wannan na ƙarshe shi za ku fi sa wa ido. A kowane bambanci ku tambaya ta ɓangare biyu: in wannan ne asali me zai sa wancan ya sauya, in kuma wancan ne fa? Kuskuren da aka fi yi shi ne gwada ɓangare ɗaya kawai.

Abu uku ke ɓata aikin. Fassara tana ɓoye bambanci ko ta ƙirƙiro shi, misali za ta iya sa "sarki" a Matiyu 14:1 da 14:9 duka, hujjar ta ɓace. Don haka fassarar Hausa ta isa a ga jeri da tsawo, amma ƙirga kalmomi sai da Helenanci, da littafi irin na Kurt Aland mai jera huɗun. Na biyu, fassarorin da suka bi kwafe-kwafen baya suna ɗauke da daidaitawar masu kwafa, kamar Addu'ar Ubangiji a Luka da aka cike daga Matiyu. Na uku, kada a sa Markus 16:9-20 cikin ƙirga, domin kundayen Sinaitikus da Batikanus na ƙarni na 4 a 16:8 suka tsaya, kuma daga nan ne Matiyu da Luka suka rabu kowa ya bi hanyarsa.